Zauren da Ka Ce Kada a Taɓa

Talata Mafara,
Ranar Laraba, cikin watan Rajab.

Zuwa ga ƙanena Mahmud,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Hindatu da yara. Ina gajiya, ina ruwan Fatakwal da aka ce ba ya ɗaukewa, yaya kasuwar albasa? Na ji an ce Zuhura ta kwanta zazzaɓi, Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne. Mu nan lafiya lau muke gwargwadon yadda Allah Ya so. Ƙafar nan tawa ta dama tana yi mini tsiya in sanyi ya sauka, amma ina takawa. Ɗiyarka Surayya ta shiga ajin ƙarshe na sakandare, malamanta suna yabon kanta, Allah Ya raya mana ita. Inna Hamdiyya ta Damri, ƙanwar mahaifiyarmu, kuwa tsufa ya kama ta sosai, ido ya tafi, amma bakin yana nan daram, duk wanda ya je gaishe ta sai ta tambayi labarinka.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda a hannun Sufyanu direba alhali ga waya. Dalili shi ne, duk ranar da na kira ka a kan maganar gidan Baba, kafin in kai aya sai ka ce Adda a yi haƙuri, sai ka sa dariyar nan taka, sai kuma ka ce ga mai ciniki ya zo. To, takarda ba a katse ta. Ka nemi wuri ka zauna, ka karanta ta har ƙarshe, in ka ga dama ka ba Hindatu ma ta karanta, domin ita mace ce, za ta gane abin da kake yi kamar ba ka gane ba.

Zan tuna maka farkon maganar, tun da na lura nisa yana sa ka mantuwa. Lokacin da ka zo ta'aziyyar mijina Malam Sulaiman a Bakura, Allah Ya jiƙansa, kai ne ka ja ni gefe ka ce gidan Baba na Mafara yana nan yana zubewa, ba kowa ciki sai jemagu, ga mutane kullum suna kwararowa gari, malaman kwaleji da ma'aikatan asibiti suna neman haya ido rufe. Ka ce mu gyara shi mu sa 'yan haya, duk abin da ya fito nawa ne ni da Surayya, kai rabonka na gadon yana nan amma ba ka buƙatar ko sisi. Wallahi ranar nan na yi kuka don daɗi. Ka ce za ka riƙa turo abin da ya samu, ni kuma in nemo sauran. Ina zan nemo? Abu ɗaya gare ni a duniya, gonar shinkafar nan ta bakin magudanar ruwa da ta faɗo mini a gadon Malam, wadda ke ciyar da mu rani da damina. Inna Hamdiyya ta riƙe hannuna ta rantse da Allah zan yi da-na-sani. Na ce mata ai ƙanena ne ya kawo shawara, kuma ya ga duniya. Na sayar da gonar.

Kai kana can kana ganin hotuna a waya, ba ka san abin da ke bayan hoton ba. Ranar da Ɗanasabe birkila ya ɗaga rufin farko muka tarar gara ta cinye azarar ƙurmus, ka sa yatsa sai ta zube gari. Bangon baya da muka ce yaɓe kawai yake so, danshi ya ci gindinsa, sai da aka rushe shi aka tayar da na bulo. Siminti kuwa, farashin da aka faɗa mini da safe ba shi nake tararwa ba in na dawo da kuɗin. Mai tifa ya kawo yashi rabin mota ya rantse cike take, hanya ce ta girgiza shi. Talata ba aiki, kowa ya tafi kasuwa. Juma'a rabin yini. Ruwan farko na sauka leburori suka watse gonakinsu, aka bar ni da bango tsirara ruwa yana dukansa. Aka sace mana kwano, dole na ɗauki maigadi. Ramin masai da suka haƙa dab da rijiya suka kai shi, na ce a cike a sake wani, Ɗanasabe ya dube ni sama da ƙasa ya ce sai ya ji daga bakin Alhaji. Ina tsaye a gabansa da kuɗin gonata a ƙulle, amma sai ya ji daga bakin Alhajin da ke Fatakwal! Haka na yi ta zirga-zirga tsakanin Bakura da Mafara a motar haya, da wannan ƙafa, da halin da hanya take ciki, kullum sai na karanta duk addu'ar da na sani kafin in shiga mota.

Duk wannan ban riƙe ka da shi ba, halin gini ke nan, kowa ya yi ya sani. Abin da na riƙe ka da shi zauren nan ne. Na ce maka mu toshe ƙofarsa ta cikin gida, mu sa masa ƙofar ƙarfe ta bakin titi ya zama shago, 'yan haya kuma a fitar musu da get ta gefe. Mai kemis har ya zo ya duba. Ka tashi hankalinka a waya, ka ce zauren Baba ne, a nan yake zama, a nan baƙinsa na Gidan Goga da Tsibiri suke sauka duk Litinin su kwana su ci kasuwar Talata, a nan yake ƙulla musu cinikin shanu. Ka ce kada a taɓa shi, ko randar kada a gusar. Na ce to aƙalla a sa ƙyaure. Ka ce Baba da hannunsa ya cire ƙyauren tun muna yara don masauki ba a kulle shi, kai ba za ka mayar da abin da ubanka ya cire ba. Na ce maka gidan haya daban, masauki daban, ba a haɗa su a rufi ɗaya. Sai ka yi mini yajin waya, aike ma ya tsaya, har sai da na sauko na ce a yi yadda kake so. Aka yaɓe zauren, aka shafa masa farar ƙasa, aka bar ƙofar a hangame.

Amma fa gida ya yi kyau, Mahmud, wannan kam ba zan ɓoye ba. Sashe biyu, kowane da falo da ɗakuna da banɗaki a ciki, ga tayil, ga silin, ga tankin ruwa a sama. Ranar da aka gama fenti na zauna a tsakar gida ni kaɗai ina ta kallo, na ce ashe ni ma zan huta. Dillali ya kawo Malam Abdulbasit, wani malamin kwaleji mai natsuwa, ya gani ya yaba, ya ba da kafin alƙalami, matarsa har ta zo ta auna tagogi za ta ɗinka labule. Sun ce ƙarshen wata za su tare. Ɗaya sashen kuma wata ma'aikaciyar asibiti ta ce a ajiye mata. Na fara lissafin makarantar Surayya a zuci.

Sai ka bugo ka ce kafin kowa ya shiga a yi saukar Alƙur'ani da sadaka don Baba, a zaure, kuma ranar Talata, don tsofaffin mutanensa da suka zo kasuwa su samu halarta. Ina zan ce a'a ga sadakar ubana? Na share zauren, na shimfiɗa tabarmi, na wanke randar na cika ta da ruwa na ɗora moɗa, na sa aka soya masa aka dama fura. Tsofaffi suka zo daga karkara. Cikinsu har da Malam Nasidi na wajen Gidan Goga, ka tuna shi, dogon nan mai farin gemu da Baba yake sayar masa da bijimansa, wanda yake kawo mana man shanu a ƙwarya. Ya tsaya ya dubi ƙofar ba ƙyaure, ya dubi randar cike, ya ɗebi ruwa ya sha, hawaye na bin gemunsa, ya ce alhamdu lillahi, 'ya'yan Dikko sun tayar da masaukin ubansu. Ni da kai mun tashi a gidan nan, mun san abin da zaure ba ƙyaure da randa cike suke nufi a wurin mutanen Baba. Kafin kasuwa ta watse labari ya kai ƙauyuka cewa gidan Dikko ya buɗe.

Wata bai ƙare ba 'yan bindiga suka afka wa rugar su Malam Nasidi. Suka kore shanun kaf, suka kashe babban ɗansa. Wata safiya maƙwabta suka kira ni suka ce in zo in gani. Na iso na tarar da zauren cike, mata da yara da ƙullin kaya da 'yan awaki, ƙafafu duk sun fashe da tafiya, ga Taiba matar mamacin da tsohon ciki tana jingine da bango ko kuka ba ta iya yi. Ba su fasa ƙofa ba, ba su taɓa komai ba, sun zo inda ubanninsu suke sauka ne suka zauna. Malam Nasidi ya roƙi wani ya kira masa kai. Aka buɗe muryar wayar, unguwa duk ta taru, aka ji ka tar kana cewa gidan ubansu ne, Adda ta buɗe musu su shiga. Ba ka ce a ba ni wayar ba. Ba ka ce zaure kaɗai ba, ba ka ce sashe ɗaya ba, ba ka ce zuwa yaushe ba. Makullan suna ƙulle a bakin zanina, idon kowa yana kaina, ga mace mai ciki a ƙasa. Kai da kanka ka faɗa mini, me zan yi? Na kwance na buɗe.

Na ɗauka kwana biyu ne. Ina! Wanda ya zo sai ya aika wa na baya, yau ƙanin wane, gobe surukar wance, har sashe biyun suka cika, maza suna kwana a zaure. Mutanen ruga ne, ba su saba da irin wannan gini ba, kuma ba wanda ya tsaya ya nuna musu. An kafa turmi a kan tayil ɗin falo, ya tsage tun daga ƙofa har bango. An hura itace a ɗakin girkin da aka yi don risho, silin ya koma baƙi ƙirin. Masai ya toshe, ramin ya cika ya tumbatsa har maƙwabci ya kawo ƙara. An buga ƙusoshi a bangon da na sha rana ina zaɓar launin fentinsa, an rataye ƙore. Awaki suna kwana a barandar da matar Malam Abdulbasit ta ce za ta jera tukwanen furanni. Shi kuwa bawan Allah ya zo ya tsaya a bakin zaure, ya duba, ya ce Hajiya Allah Ya ba da lada, shi zai nemi wani wuri. Kafin alƙalaminsa ya riga ya shige kuɗin tanki, sai keken ɗinkina na sayar na mayar masa.

Kada ka ce ban nemi hanya ba. Na je wurin mai unguwa, ya ce mini abin alheri ƙanena ya yi, kada in zama mai ɓata shi. Na samu Malam Nasidi cikin ladabi na ce su taru a sashe ɗaya su sakar mini ɗaya in sa ɗan haya in samu na abinci. Ya sunkuyar da kai ya ce ya ji, kuma gaskiya ce, amma Alhaji ne ya saukar da su, in Alhaji ya ce su matsa ko a bakin titi za su kwana. Na kira ka, ka ƙi ɗagawa. Da ka ɗaga ka ce Adda ki dubi lada. Ran nan bayan sallar Juma'a an ce liman ya kawo misali da kai, Alhaji Mahmud na Fatakwal da ya gyara gida sukutum ya ba 'yan gudun hijira, aka yi ta sa maka albarka. Ni kuwa in na ratsa unguwa sai mata su yi shiru, na ji da kunnena ana cewa ga wadda take son korar marayu don kuɗin haya. Sunan naka ne, ladar taka ce, gonar da aka sayar tawa ce. Wannan abu yana ci mini rai, Mahmud, yana hana ni cin abinci.

Abin da ya fi ƙona ni shi ne ba ni da wanda zan tsana. Mutanen nan ba mugaye ba ne. Taiba da cikinta take share tsakar gida. Malam Nasidi duk ya samu ɗan abu sai ya aiko mini, ran nan zabuwa, ran nan ƙwaryar nono da ban san inda ya samo ba, don a saninsa baƙo ba ya biyan haya a masauki, tsaraba yake kawowa. Kai da kake ta kiran sunan Baba, ka manta da me Baba yake riƙe zauren? Da la'ada. Baƙo ya kwana kyauta, ya sha fura kyauta, gari ya waye Baba ya sayar masa da sa ya cire rabonsa, da shi muka ci muka sha har ka yi makaranta. Baba ba waliyyi ba ne, dillali ne, kuma ya san lissafinsa sarai. Waɗannan baƙin ko ɗan maraƙi ba su da shi. Ka ɗauko rabin al'adar ka aza mini a ka, rabin da ke ciyar da mai gida ya tafi daji tare da shanu.

Taiba ta sauka lafiya, namiji, a ɗakin nan da na fi ƙawatawa. Na kai sabulu da turmin atamfa. Ranar suna aka raɗa wa yaro Mahmud, don a cewarsu kai ne ka ba su inuwa. Na yi guɗa tare da mata, na ce Allah Ya raya, na shiga bayan gida na yi kukana na wanke fuska. A hanyar komawa Bakura motarmu ta bi ta gefen gonata. Shinkafa ta yi kai, ta sunkuya, ban taɓa ganin ta yi kyau haka ba. Wanda ya saya ya hango ni a tasha, ya gaishe ni da mutunci, ya ce in an yi yanka in turo a yi mini kala.

Yanzu ga abin da ba ka sani ba, don ban faɗa maka a waya ba. Gidan Malam na Bakura da muke zaune, Isma'ila ƙaninsa da manyan 'ya'yan Malam sun sayar don a raba gado, kuma haƙƙinsu ne. Ɗan abin da ya faɗo mana ni da Surayya, nata na ajiye mata ba zan taɓa ba, nawa ya tafi wajen yashe masai da sallamar Ɗanasabe. Dā niyyata in kama ɗan ɗaki da kuɗin hayar Mafara. Wanda ya sayi gidan ya ɗaga mana ƙafa har ya gaji. Makon jiya na ɗaure kayana a a-kori-kura, na riƙo hannun Surayya, muka sauka a ƙofar gidan ubana. Na tsaya a bakin zaure na yi sallama, don akwai maza a ciki. Malam Nasidi ya miƙe da sauri, ya kakkaɓe tabarma ya shimfiɗa mini, ya ɗebo ruwa a randar nan da moɗar da na saya ya miƙo mini da hannu biyu. Da ya ji abin da ke tafe da ni, sai ya ce in kwantar da hankalina, ba a taɓa mayar da baƙo daga gidan Dikko ba, kuma ba za a fara a kaina ba. Ya leƙa ciki ya ce mata su kwashe buhunan da ke sito su share wa baƙi. Wallahi da zuciya ɗaya ya faɗa, ba gatse, ba komai. Na karɓi ruwan na sha, na ce na gode.

A siton nake rubuta maka wannan takarda, a kan akwatina. Shi kaɗai ne ɗakin da na ce wa Ɗanasabe kada ya sa masa tayil ko silin, tun da buhu ne zai zauna ciki. Tagarsa ba ta fi faranti ba. Surayya a ƙofa take karatu kafin rana ta faɗi, jarrabawa kuma tana matsowa.

Ba kuɗi nake roƙonka ba, kada ka turo mini komai ka ce ka fita. Abin da nake so, ka hau mota ka zo, ka tsaya a zauren nan da ka ce kada a taɓa, ka buɗe bakin da ka buɗe a waya, ka ce a sakar wa Adda sashe ɗaya. Kada ka tambaye ni ina sauran za su, ban sani ba, kuma tunanin yana damuna fiye da yadda yake damunka, don ni nake ganin idon yaran kullum. Kai ka saukar da su, kai za ka nemo musu. In kana son riƙe masaukin Baba, ga kasonka nan, ya fi nawa, ka riƙe da aljihunka, Allah Ya ba ka lada ninki. In azumi ya kama ban gan ka ba, zan je gaban alƙali a raba gidan a ja bango, duk abin da gari zai faɗa ya faɗa, ai sun riga sun faɗa. Kuma ina roƙon Allah zauren ya faɗo a rabona, ka ga ko ba zan sa masa ƙyaure ba.

Kai ƙanena ne, ni na goya ka, a zauren nan ka koyi tafiya kana riƙe da zanina. Ban daina son ka ba, amma raina a ɓace yake, kuma gara ka ji daga gare ni. Ka gaishe mini da Hindatu da kyau, ka ce na gode da man zafin da ta aiko, yana yi mini amfani. Ka shafa mini kan Kamilu da Zuhura. Surayya tana gaishe ka, Inna Hamdiyya ma haka, ban faɗa mata inda nake kwana ba, kai ma kada ka faɗa. Malam Nasidi ya ji Sufyanu zai taso, ya ce lallai in isar maka da gaisuwarsa da godiya, ya ce takwaranka ya fara dariya. Ga shi na isar.

Allah Ya jiƙan Baba da mahaifiyarmu, Ya tsare hanya, Ya kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu. Wassalam.

Ni ce yayarka,
Batulu,
baƙuwa a gidan Dikko.